Gidan da Aka Ba Ni Kyauta a Birnin Salmaru

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya yi wa teku iyaka, ya bar ɗan Adam da ƙafa biyu da zuciya marar zama wuri ɗaya. Ku matso, ku gyara zama, mai gyangyaɗi a taɓa shi. Ni ne Nomau ɗan Cindo, masassaƙin ƙyaure, mutumin Tsaunin Marke, ƙasar da hadari ke tasowa, mata su yi masa guɗa, ya wuce bai ko waiwayo ba. Abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, wanda bai yarda ba hanya na nan, ba a rufe ta ba.

Dalilin fitata ba wani abin alfahari ba ne. Fari ya daɗe a ƙasarmu har ɓarayi suka daina shigowa garinmu, to wa zai sayi ƙyaure? Sai wasu fatake suka ba ni labarin wani birni a bakin Tekun Shuni, sunansa Salmaru, wai kullum garin Allah ya waye sai an ta da sababbin gidaje a cikinsa. Na ce a raina, kowane gida da ƙofarsa, kowace ƙofa kuma tana neman ƙyaure. Na ɗaure gizago da kurfi da zarto a burgami, na kama hanya.

Na fara ratsa Dajin Ƙaura, inda itatuwa ba su zama wuri ɗaya. Ban san halinsu ba, rana ta take na rataye burgamina a reshen wata tsamiya na kishingiɗa. Zafin rana ne ya tashe ni. Na duba, ba inuwa ba tsamiya, sai ramin da ta bari. Can na hango ta ta tattare saiwoyinta tana tafiya da kayan sana'ata. Na bi ta da gudu ina zage-zage, da ƙyar na kama reshe na ɗare. Da na huce sai na lura ruwa take nema, ni ma kuwa shi nake nema, don haka na gyara zama a kanta ina shan 'ya'yanta har ta sauke ni a bakin wata babbar fadama.

A fadamar nan wata ƙaguwa mai girman rumbu ta cafke ni ta riga, ta ɗaga ni sama tana jujjuya ni tana neman inda za ta fara. Allah ya sa akwai guntun itacen kirya a aljihuna. Da ta buɗe ɗaya hannun za ta kama wuyana, sai na cusa mata shi a mahaɗa, ya ƙi rufuwa. Tana fama da shi na zame na bar mata rigar. Haka na isa ƙofar Salmaru, daga ni sai wando da burgami, kowa ya gan ni ya ga baƙo.

Fatake ba su yi ƙarya ba. Salmaru gari ne da za ka fita da safe ta wani lungu, ka dawo da la'asar ka tarar an yi gida a bakin lungun, har matar gidan tana shanya. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai dokin ƙofarsu ne. A ƙasarmu dokin ƙofa ɗan tudu ne da yaro ke tsallakawa. A Salmaru wani ya kai ƙugu, wani ya kai kafaɗa, na attajirai kuwa sai da tsani ake hawa, a sauka ta ciki da wani tsanin. Na ga wani babban mutum da rawaninsa yana hawa gidansa da rarrafe, bayi na tura shi ta baya, mutane kuma na yi masa kirari.

Ina tsaye baki buɗe sai wani mutum ramamme mai yawan tari ya rungume ni kamar ɗan'uwansa da ya ɓata. Ya ce sunansa Kwasau.

Ya ce, “Baƙo, lale marhabin! Daga ina? Kana da masauki? A'a, kada ka ce komai. A garin nan ba ma barin baƙo ya kwana a titi. Gida zan ba ka, gida sukutum, kyauta don Allah.”

Na ce, “Malam, ko sunana ba ka sani ba.”

Ya ce, “Suna me zai yi mini? Kai dai taho.”

Ya cire rigarsa ya sa mini, ya ja ni muka yi ta gangara, lungu bayan lungu, har muka kai wata unguwa a gindin ganuwar da ta raba gari da teku, ana ce mata Kwari. Nan ya nuna mini gida mai ɗaki biyu da tsakar gida. Kafin in ce uffan mutane sun taru da kalangu, maƙeri ya zo da uwar maƙera, aka sare wata munduwar ƙarfe mai mabuɗi daga hannun Kwasau, aka ɗaura ta a nawa aka buga ƙusa. Aka ce al'ada ce. Na juya in yi wa Kwasau godiya, sai na hango ƙeyarsa ya nufi tashar jiragen ruwa yana gudu ba riga.

Jama'a na watsewa sai ga wata tsohuwa daga gidan da ke jikin nawa, da akushin tuwo da miyar busasshen kifi. Sunanta Inna Ramma, sana'arta banda kifi. Ta ajiye ta zauna tana kallona har na suɗe hannu, sannan ta ce, “To ɗan nan, ka ci ka ƙoshi? Madalla. Yanzu sai in faɗa maka abin da ka karɓa.”

Ta ce duwatsun da ke bayan gari su ke tara ruwan damina su sako shi. A zamanin kakanni akwai ƙoramu da ke ɗauke shi su kai teku, amma mutane sun yi ta zuwa, ana cike ƙoramun ana gini a kai, har ba ko ɗaya. Da ruwa ya rasa hanya sai ya riƙa shiga gidaje. Wani ya ɗaga dokin ƙofarsa, ruwa ya koma na maƙwabcinsa, shi ma ya ɗaga nasa fiye da na wancan, haka abin ya zama gado, har ya zama ba a ba mutum mata sai an je an duba tsayin dokin ƙofarsa. Mutanen Salmaru ba su kiran ruwan da sunansa, Baƙo suke ce masa. Dokarsu kuwa, duk gidan da Baƙo ya sauka, mai gidan ne zai raka shi, wato ya kwashe shi da ƙwarya ya haura ganuwa ya zuba a teku.

Ta ce, “Gidanka shi ne mafi ƙasa a duk garin nan. Mai munduwar nan ba ya hawa jirgi, ba ya fita ƙofar gari, sai ya sami wani baƙon ya ɗaura masa.”

Na ce, “Inna, ai da sauƙi. Ni ma in ɗaga nawa dokin ƙofar mana.”

Ta ce, “Ɗaga abinka, ba mai hana ka. Daga naka sai nawa. Ni ba ni da ƙarfin gini, ba ni da ƙarfin kwasa, gidan kuma na laka ne, damina ɗaya ta ishe shi.”

Na ce me ya sa ba za ta koma tudu ba. Ta ce tana da ɗa guda, Barmo, ya bi jirgin fatake tun yana saurayi bai dawo ba. A garin da lungu ke ɓacewa tsakanin safe da yamma, wanda ya yi shekaru a waje ba abin da zai gane sai ganuwar teku da gidan da ke gindinta. In ta tashi daga nan, ko ya dawo ba zai same ta ba.

Na dubi akushin, na dube ta. Na ce, “Inna, tuwon nan fa?”

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, “Duk waɗanda suka riga ka sun ci. Ba wanda ya iya ɗaga ƙofarsa bayan ya ci. Gobe ma zan kawo, kana son yaji?”

Na ce ina so. Tsohuwar nan ta ɗaure ni fiye da maƙerin, kuma ban ji haushinta ba.

Kafin damina na sami aiki kamar yadda na zata, don ƙyaure na kasuwa a Salmaru. Masu ba ni aiki sukan dubi munduwata su kau da kai, wasu su yi mini nasiha. Wani magini ya ce zai kawo mini tubali in ɗaga ƙofata da kamu ɗaya tak, tsohuwa ai ta ci zamaninta. Wani ya ce in riƙa zama a ƙofar gari da riga a hannu, baƙi ba su yankewa. Na je sau ɗaya. Na ga wani mutum ya shigo da matarsa da goyo suna waige-waige, na ɗaga ƙafa zan nufe su, sai na ga ba zan iya ba, na koma gida.

Ran da Baƙo ya iso da hantsi ne. Aka yi ruwa a kan duwatsu, mu a gari ko ɗigo ba mu gani ba, sai muka ji ƙugi. Ya gangaro ja wur, ɗauke da shara da matattun kaji da turamen mutane, yana dukan dokin ƙofar kowa yana wucewa, mutane na zaune a saman ƙofofinsu suna kallo suna cin gyaɗa. Ya zo nawa ya shiga ba sallama. Kafin azahar ya kai mini ƙirji a tsakar gida, abin da ya ragu ya malale unguwa, ya tsaya yatsa biyu ƙasa da dokin ƙofar Inna Ramma.

Na yi ta kwasa da ƙwarya ina haura ganuwa. In rage shi yau, gobe a ƙara mini. Ƙafafuna suka yi fari suka tsattsage, sauro ya mai da ni gonarsa, na fara tari irin na Kwasau. Inna takan miƙo mini tuwo ta kan katanga, ta leƙa ƙofarta ta ga inda ruwa ya kai, ta koma ciki. Na san in aka yi ruwa biyu a jere ban kwashe na farko ba, gidanta ya tafi.

Wata rana ina zaune a kan ganuwa ina hutawa, ƙwarya a cinya, sai na lura da abin da kullum nake gani ban kula ba. Teku yakan cika ya zo ya dafa ganuwa, sannan ya janye ya bar yashi, in ya janye kuwa yana ƙasa da tsakar gidana nesa ba kusa ba. Wato bango ɗaya ne tsakanin Baƙo da inda nake wahalar kai shi. Na faɗa wa Inna zan huda ganuwa.

Ta ce, “Ka huda, in teku ya cika ya shigo ya same mu a gado? An taɓa yi, ɗan nan. Wanda ya yi, kifi ne ya ci shi.”

Tana maganar tana zazzage kwandon kamun kifinta, irin mai baki ɗaya, wanda kifi ke turawa ya shiga amma in ya juyo bakin ya rufe. Na karɓa na yi ta jujjuya shi har ta ce in ba ta abinta. Na koma gida na cire ƙyauren ɗakina, na rage shi, na shafe shi da danƙo. Da teku ya janye na huda ganuwa daga tsakar gidana, na rataye ƙyauren ta waje, ba a gefe ba kamar yadda aka saba, daga sama na rataye shi. Ruwan ciki ya tura shi ya buɗe, ya yi ta kwarara kan yashi. Da teku ya dawo ya danna shi, sai ya rufe gam. Na tsaya ina kallo ni da Inna har teku ya cika ya sake janyewa, ko cikin cokali bai shigo ba.

Inna ta ce, “Kai, ɗan nan, ashe tuwona bai tafi a banza ba.”

Mu duka mun ɗauka gidana kaɗai zai tsane. Amma ruwan Kwari duk a gidana yake taruwa, don haka da gidana ya tsane sai unguwa ta tsane gaba ɗaya. Sauran daminar Baƙo yakan zo ya shiga ta ƙofa ya fita ta baya, kafin la'asar yara na wasa a titi. Taɓon da aka gada tun kakanni ya bushe ya dare. Na daina tari, na yi ƙiba. Ita kuwa Inna sai na ga ta daina dariya, takan tsaya a ƙofa tana kallon manyan gidajen da ke sama da mu, inda mutane suka fara leƙowa suna nuna unguwarmu da yatsa.

Na tambaye ta, ta ce, “Akwai wata doka, ban faɗa maka ba don ban taɓa zaton za ta shafe mu ba. Filin da ruwan sama ke kwana a kansa, na wanda ya jure zama a wurin ne. In ya bushe ya koma hannun Sarkin Awo, ya raba wa masu iya gini. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa kallon gidan nan, don ba mai so.”

Na ce, “To in toshe ramin mana.”

Ta dubi sama. Damina ta riga ta wuce, ko gajimare babu.

Ba a daɗe ba sanƙira ya zagayo ya ce gobe da hantsi Sarkin Awo zai sauko Kwari. Shi ne mai auna filaye da dokin ƙofa a Salmaru, ba a ɗaukaka ƙara bayan maganarsa. Na yi tunani na ce wa Inna ta kwashe kayanta ta ɗora kan rufi. Da asuba teku na cikowa na tokare ƙyauren da sanda, ruwa ya shigo ya malale unguwa har gwiwa, sannan na zare sandar na danne ƙyauren da dutse don kada ya fita. Na watsa shara da ganye a kai, na kama wata matacciyar kaza na jefa don ya yi kama da na gaske.

Sarkin Awo ya iso a kan kujera, ƙarti na ɗauke da shi, attajirai na biye da maginansu. Da suka ga ruwa sai fuskokinsu suka ɓaci, wasu har sun juya. Inna ta fito tana tafe cikin ruwa tana tari na ƙarya, ta durƙusa.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ga shi kana gani. Baƙo bai tashi ba, haka muke fama.”

Ya dubi ruwan. Dattijo ne mai sanyin magana, ban ga mugunta a fuskarsa ba. Ya ce a sauke shi ƙasa kaɗan. Ya miƙa hannu ya tsoma yatsa, ya kai bakinsa.

Ya ce, “Iya, wannan ba baƙonmu ba ne. Namu ba shi da gishiri.”

Ya sa aka nuna masa ramin. Aka ɗauke dutsen, teku kuwa ya riga ya janye, ruwa ya fice a gaban idon kowa, kazar ma ta bi shi. Ya daɗe yana duban ƙyauren, ya yaba aikin ƙwarai, ya ce tun da yake bai ga dabara irin wannan ba. Sannan ya juya ya ce a kawo igiyar awo.

Kafin sati ya zagayo an rushe Kwari. Aka yi ta kawo ƙasa a jakuna ana cikewa. Filin gidana da na Inna ya faɗa hannun wani attajiri mai fataucin gishiri, maginansa kuma suka ce ramin nan zai raunana harsashi, suka cike shi da duwatsu, ƙyauren na ciki. Na ce musu to baɗi ina ruwa zai bi? Suka ce ba ta nan ba dai, don dokin ƙofar maigidansu sai ya fi na kowa. Da yake gidana ya daina zama gida, maƙeri ya sare mini munduwa, aka tafi da ita wata unguwa da aka ce yanzu ita ce mafi ƙasa.

Inna Ramma ba a bar ta a titi ba, mutanen Salmaru ba su yin haka. Aka ce za a ba ta ɗaki a bayan gari wajen duwatsu, inda sababbin zuwa ke kafa bukkoki, amma wurin ba shi da suna tukuna, kuma an ce mazaunansa ma za a matsar da su gaba in gini ya kai can. Ban taɓa jin nauyin wani aiki da hannuna ya yi ba kamar na ƙyauren nan, ko da yake har yau ban ga inda na kuskure sassaƙarsa ba.

Ran da zan tashi ta rako ni tashar jirage da ƙunshin busasshen kifi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce laifina ne ba. Ta ce, “Kai mai yawo ne, ɗan nan. In Allah ya haɗa ka da Barmo, dogo ne, yana da tabon ƙuna a hannun hagu, wajen banda ya samu yana ƙarami. Ka ce masa ina nan.”

Na ce, “To Inna. In ce masa kina ina?”

Ta buɗe baki, ta juya ta dubi gari. Inda Kwari take a da, sababbin bangaye sun riga sun fi ganuwa tsayi, magina na ta miƙa wa juna tubali. Ta dubi wajen duwatsu, ta sake duban bangayen. Matuƙi ya daka mini tsawa in hau ko a bar ni, na hau. Har jirgi ya fita daga tasha tana tsaye a wurin.

Iyakar abin da na gani a Salmaru ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Na shiga ƙasashe da yawa bayan wannan, kuma duk tashar da na sauka nakan dubi hannun hagun dogayen mutane. Ban same shi ba tukuna, in kuma na same shi, rabin saƙo ne a hannuna.